Yadda za ka bi sawun narkakken dutse tun yana ƙarƙashin ƙasa har ya tsaga ta ya fito

Yawancinmu in aka ce dutse mai aman wuta, hoton da ke faɗo mana a rai shi ne na littafin firamare ɗin nan, tsauni mai tsini kamar an kife mazurari, rami a samansa, hayaƙi na tashi. To amma duk wanda ya ga bidiyoyin da suke ta fitowa daga ƙasar Aisland tun 2021 ya san akwai wani kalar daban. Babu tsauni babu komai, fili ne kawai shimfiɗe, sai ka ga ƙasa ta dare a miƙe kamar an ja layi da wuƙa, wuta ta jeru sahu guda tana tsiri sama, wani lokacin tsawon layin ya kai kilomita 3 ko 4. Wannan shi ne aman tsaga, kuma abin da ya sa nake son shi fiye da sauran shi ne ana iya bin sawunsa tun kafin ya fito, kai da kake zaune da wayarka da ɗan data ma za ka iya, in dai ka san me za ka duba da kuma wanne ke zuwa bayan wanne.

Bari mu fara gyara wata fahimta tukuna. Ƙarƙashin ƙafarmu ba tekun wuta ba ne kamar yadda wasu ke zato, dutse ne sandararre mafi yawansa, a wasu wurare ne kawai yake ɗan narkewa. A Aisland ɗaya daga cikin dalilan narkewar shi ne ƙasar tana zaune daidai kan mahaɗar manyan faifan ƙasa biyu, wato manyan ɓangarorin ɓawon duniya, na Arewacin Amurka da na Turai da Asiya, kuma suna rabuwa da juna kamar santimita 2 a shekara, wato kusan saurin tsiron farce. Inda aka ja aka buɗe nauyi yana raguwa a kan dutsen da ke can ƙasa mai zafi, sai wani ɓangarensa ya narke. Narkakken nan in yana ciki masana suna ce masa magma, in ya fito fili ya malala sai sunan ya koma laba. Zafinsa yana kaiwa digiri 1,100 zuwa 1,200. Kuma da yake bai kai dutsen da ke kewaye da shi nauyi ba, kullum sama yake nema, kamar man ja a kan miya, sai dai hanya ba ta buɗe masa ba, dole ya tsaya wani wuri ya taru.

Abu na farko da za ka tambaya in ka ji labarin wani wuri ya fara motsi, wane irin magma gare shi, kunu ne ko tuwo? Wannan ba wasa nake ba. Mace in tana talge, ruwa-ruwa ne, yana tafasa kumfa na fita salin-alin. Da ta zuba gari ya yi kauri sai ka ji yana bal, bal, yana tsalle yana ƙona hannu, saboda tururin ya rasa hanyar fita cikin sauƙi. Magma mai kauri haka yake, yana riƙe iskar gas har sai ya fashe da ƙarfi ya watsa toka. Mai ruwa-ruwa kuwa, irin na baƙin dutsen da ake kira basalt, shi ne yake iya kutsawa cikin siririyar tsaga ya yi tafiyar kilomitoci bai daskare ba. Aisland, Hawai, gabashin Kwango, yankin Afar na Habasha, duk masu kunu ne, shi ya sa a can aka fi ganin aman tsaga.

Na biyu, nemi kumburi. Magma in yana taruwa ƙasan da ke samansa tana ɗagawa kamar maruru, sai dai ido ba ya gani don santimita ne ake magana, a faɗin kilomitoci. Hukumar yanayi ta Aisland, wadda ita ce kuma ke kula da girgizar ƙasa da aman wuta a can, tana da na'urorin GPS kafe a duwatsu, kuma tana saka sakamakon a shafinta na intanet kyauta, har da Turanci. Ka nemi zanen tashar Svartsengi, wurin da tashar wutar lantarki take kusa da wurin wankan nan na Blue Lagoon. Za ka ga ɗige-ɗige, kowane ɗigo awo ɗaya ne, kai dai ka duba wanda yake nuna sama da ƙasa. In ɗigon suna hawa a hankali kullum kullum, to ana cika tulu ne. A can magma yana taruwa a zurfin kilomita 4 zuwa 5, a kwance kamar an shimfiɗa tabarma tsakanin duwatsu. Akwai kuma hotunan tauraron ɗan'adam irin na Sentinel-1 da za ka gani da zobba masu launi-launi kamar bakan gizo an naɗe, ana kwatanta hoton yau da na kwanakin baya ne, inda zobban suka taru nan ne cibiyar kumburin, in sun matsu da juna sosai motsin ya yi yawa kenan.

Amma fa kar ka yi saurin cewa za a yi aman wuta don ka ga kumburi. Sau da yawa ƙasa takan kumbura ta tsaya shiru abinta. Shi dai kumburi yana gaya maka ana tara kaya, bai ce maka ranar tafiya ba.

Na uku shi ne inda ainihin maganar take, kuma a nan nake so ka ɗan natsu. Buɗe taswirar girgizar ƙasa. Kuskuren da kowa ke yi shi ne kallon girman girgizar, ai an yi mai maki 5, kai abin ya ɓaci. A'a, ka bar wannan, ka kalli yadda ɗigon suka jeru da kuma ko suna matsawa. In sun taru wuri guda kamar an zube gero, to har yanzu magma na cikin tulunsa yana matsa bango. In ka ga sun fara miƙewa sun zama layi, kuma sababbin ɗigon kullum a bakin layin suke fitowa suna gaba suna gaba, to bangon tulun ya fashe, magma ya kama hanya.

Kuma ba ta bututu yake tafiya ba kamar ruwan famfo. Abin da yake yi faskare ne. Ka tuna mai faskaren ice in ya kafa gatari ya samu 'yar tsaga, sai ya cusa wani abu a ciki ya buga, tsagar ta yi ta gudu gaba da kanta. Haka magma yake, yana cika tsagar, nauyin turinsa yana buɗe gefe da gefe, bakin tsagar yana ƙara darewa, shi kuma ya bi, kowace darewa ita ce ƙaramar girgizar da ka gani a taswira. Abin da ke samuwa a ƙarshe kamar faifan takobi ne a tsaye a cikin ƙasa, ko ka ce katanga ta wuta, kaurinta mita ɗaya zuwa 'yan mitoci ne kawai amma tsawonta kilomitoci. Masana suna ce mata daik, ni dai katanga zan ci gaba da cewa. Wani abin mamaki kuma, ba lallai sama take nufa ba, sau da yawa a kwance take gudu ta gefe, ta yi nisa da inda ta taso. A watan Agustan 2014 magma ya fita daga ƙarƙashin Bardarbunga, wani dutse mai aman wuta a Aisland wanda ke binne a ƙanƙara, ya yi tafiyar sama da kilomita 45 a ƙarƙashin ƙasa cikin kamar mako biyu, masana suna kallon ɗigon girgiza suna tafiya kamar jerin tururuwa, yana tsayawa yana tara ƙarfi yana ƙara gaba, sai can a filin Holuhraun ya ɓulle. Aman ya ɗauki wata shida, laba ta rufe murabba'in kilomita kusan 85, shi kuma bakin Bardarbunga da aka zuƙe cikinsa ya lotsa da kusan mita 65. Ka ga kenan tulun yana wuri ɗaya, yoyon yana wani gari.

To ta ina za ka san inda katangar za ta fuskanta? Ka ɗauki tsohon zani ka ja shi hagu da dama, yagewar daga sama zuwa ƙasa za ta bi, wato tana gicciye da inda ake ja. Dutse ma haka, tsaga tana buɗewa ta ɓangaren da matsi ya fi sauƙi. Shi ya sa a yankin Reykjanes, inda Svartsengi yake, kusan duk tsagogin daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma suke kwance, sababbi da tsofaffi. In kana son ka yi hasashe, buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a wayarka ka nemi tsofaffin ramukan aman wuta da suka jeru a layi, sabuwar tsagar kusan kullum sahunsu take bi. Jerin ramukan Sundhnukur na yankin, da suka fara aman a Disamban 2023, tsohon layi ne da ya taɓa yi fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Na huɗu, koma kan zanen GPS ɗin nan. In katanga ta fara gudu, layin da ya yi makonni yana hawa zai faɗo tashi ɗaya kamar an sassabe shi, domin tulun yana zubewa cikin tsagar. A samanta kuma wani abu ne daban yake faruwa, gefe biyu suna turewa waje suna ɗan ɗagawa, tsakiya kuma, daidai saman katangar, tana zaunawa ƙasa tsakanin tsagogi biyu, ta zama kamar doguwar kwari. Abin da ya faru da garin Grindavik da ke kusa da Svartsengi kenan ranar 10 ga Nuwamban 2023. Tun ƙarshen Oktoba Svartsengi ke kumbura, ranar nan da yamma girgiza ta ɓarke babu ƙaƙƙautawa, cikin 'yan awanni katanga mai tsawon kilomita 15 ta ratsa ta ƙarƙashin garin har ta shiga ƙarƙashin teku, masana sun lissafa cewa a lokacin da abin ya fi ƙarfi magma na shiga tsagar da sama da kubik mita 7,000 a kowane sakan, kai ka ji fa. Cikin daren aka kwashe mutanen garin su kusan 3,700, tituna suka tsage, bututun ruwa suka karye, wani sashen garin ya nutse da kimanin mita ɗaya.

Kuma ka san wani abu? Ranar ko ɗigon wuta bai fito ba. Kowa ya zuba ido, shiru. Sai ranar 18 ga Disamba da dare, bayan sama da mako biyar, sannan ƙasa ta buɗe a arewa da garin, tsaga mai tsawon kusan kilomita 4. Ni a ganina wannan ne darasin da ya fi wuyar shiga kan mutane, katanga da yawa a ƙarƙashin ƙasa suke mutuwa, su daskare a can ba su taɓa ganin rana ba. A Afar a watan Satumban 2005 an samu wadda ta kai kusan kilomita 60, ƙasa ta buɗe har mita 8 a wasu wurare, amma abin da ya fito fili ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da wanda ya tsaya ciki.

Saboda haka na biyar, duba zurfi. A jerin girgizar akwai wurin da ake rubuta zurfin kowace. In suna kilomita 5, 6, da sauran tafiya. In suka fara haurowa 3, 2, 1, to a shirya. Sannan akwai wata irin rawar ƙasa marar yankewa da na'ura ke kamawa, ba dukan ɗaiɗai ba, gurnani ne mai ɗorewa kamar babbar mota ta tsaya a ƙofar gida ba a kashe injin ba, wannan alamar ruwa ne ke gudu a cikin tsaga. Sai dai a nan akwai tarko. Karo na farko dutsen lafiyayye ne, dole magma ya fasa shi da ƙarfi, shi ya sa kafin aman Fagradalsfjall na 19 ga Maris 2021, wanda shi ne na farko a yankin Reykjanes bayan kusan shekara 800, an yi sama da mako uku ana girgiza dubbai. Amma da hanya ta riga ta fasu, na baya ba sa buƙatar hayaniya. Aman da suka biyo a Sundhnukur cikin 2024, na Janairu, Fabrairu, Maris, Mayu, Agusta da Nuwamba, wasu gargaɗinsu bai kai awa ɗaya ba, har sai da masana suka haɗa da kallon matsin ruwa a rijiyoyin burtsatsen tashar lantarkin, don yana canzawa da zarar katanga ta motsa. Ƙarancin girgiza ba kullum yake nufin lafiya ba kenan. Mutanen Goma a Kwango sun ga haka ranar 22 ga Mayun 2021, gefen tsaunin Nyiragongo ya tsage kusan babu wata sanarwa, saboda shi can tafkin laba ne a cike a saman tsaunin, tsagar kawai ta buɗe masa ƙofa ta ƙasa, kuma labarsa ruwa ce sosai tana gudu. A Janairun 2002 ma haka ta ratsa tsakiyar birnin har ta cinye wani ɓangare na filin jirgi.

To yanzu ta fito, me za ka kalla? Awannin farko su ne mafi ƙarfi. Abin da ke cilla wutar sama gas ne, tururin ruwa da iskar kabon da ta farar wuta da suke narke a cikin magma saboda matsi, yana haurowa matsin yana raguwa sai su zama kumfa, daidai kamar ka girgiza lemon kwalba ka buɗe. Tsagar tana ci gaba da tsawo ta kai biyu kamar ana zuge zif. Ka sa ido bayan awa kaɗan ko kwana ɗaya, za ka ga layin ya fara yankewa, nan ya mutu can ya mutu, wuta ta koma fita ta baki biyu ko uku, daga baya ɗaya tal. Dalili kuwa mai sauƙi ne, inda tsagar take siririya magma yana saurin hucewa ya toshe kansa, inda take da faɗi kuwa ya fi gudu, zafinsa yana ƙara cin bangon yana faɗaɗa shi, sai duk kayan su koma bin nan. Ɓarɓashin da ke faɗowa yana taruwa a gefen bakin ya gina ɗan tsauni, irin jerin ramukan da na ce ka nema a taswira kenan. A Kilauea na Hawai a 2018 tsagogi 24 ne suka buɗe a cikin unguwar Leilani Estates da kewayenta daga 3 ga Mayu, amma ta takwas ce ta gaje aikin, ita ta yi kogin laba har teku, gidaje sama da 700 suka tafi. A nan ma tulun yana can saman tsaunin, kilomita kusan 40 daga inda wutar ta fito.

In kana son sanin ko ya kusa ƙarewa, GPS ɗin dai za ka koma. In layin ya daina faɗuwa ya fara hawa kuma, to tulu ya fara cika sabo, a ƙirga wani zagayen.

Ita laba a irin wannan aman yawanci ana iya guje mata, dukiya take ci. A Grindavik sun tara ƙasa da duwatsu da manyan motoci sun yi ganuwa don karkatar da ita kuma ta yi aiki sosai, sai dai ranar 14 ga Janairun 2024 wata 'yar tsaga ta buɗe ta cikin ganuwar, gab da gidaje, ta ƙone uku. Ganuwa tana tare abin da ke gudu a sama ne, ba ta san da na ƙasa ba. Abin tsoron gaske shi ne iskar, don haka ka riƙa duba inda iska ke kaɗawa. A 1783 tsagar Laki a Aisland ta buɗe ranar 8 ga Yuni, tsawon kilomita 27 da baki kusan 130, ta yi wata takwas tana yi. Ba laba ce ta kashe mutane ba, guba ce ta sauka a kan ciyawa dabbobi suka ci, sama da rabinsu suka mutu, yunwa ta biyo baya ta tafi da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Aisland, hazon farar wutar kuma ya lulluɓe har Ingila da Faransa.

In kuma kana son ka gani da idonka, musamman malaman makaranta, ga gwajin da za ka yi a gida. Nemi garin jelatin marar launi wajen masu kayan kek, da roba mai garai-garai da ake ganin ciki, da sirinji babba ba allura, da zobo mai duhu wanda ya huce. Ka huda gindin robar da ƙusa mai zafi, ka liƙe da salatif, ka dama jelatin ɗin da ruwan zafi ka zuba, ya kwana a firij in an samu wuta. Kar ya yi tauri da yawa kuma kar ya yi laɓo-laɓo, ya zama dai yana rawa in ka taɓa. Da safe ka ɗora robar a kan bulo biyu yadda hannunka zai shiga ta ƙasa, ka cire salatif, ka ɗan soki jelatin ɗin da tsinke don a samu mafari, ka cusa bakin sirinjin ka tura zobon a hankali, a hankali fa, in ka yi gaggawa ta gefen ramin zai dawo maka a hannu. Ba zai yi ƙwallo ba kuma ba zai yi bututu ba, faifai za ka ga ya fito siriri a tsaye kamar ganye, in ka leƙa ta gefe ɗaya mai faɗi, ka zagaya ɗaya gefen kamar zare, yana hawa har ya tsaga saman a layi zobo ya malalo. Ka sake wani, wannan karon wani ya ɗan matse robar da tafin hannu biyu lokacin da kake turawa, za ka ga faifan ya juya ya miƙe daga wannan hannun zuwa wancan, don ta ɗaya ɓangaren ne ya samu sauƙin buɗewa.

'Yan'uwanmu na Kamaru su abin ba labarin nesa ba ne. Tsaunin Kamaru da ke saman Buea ta gefensa yake tsagewa, a ƙarshen Maris 1999 tsagogi suka buɗe a kudancinsa, laba ta gangaro sannu a hankali ta cikin daji da gonaki har ta datse titin bakin teku da ya tashi daga Limbe zuwa Idenau a wajen Bakingili, ya sake yi a 2000. Layin duwatsun da yake kai ya taso ne tun daga tsibiran cikin teku ya ratso Kamaru, kuma masana suna haɗa tudun Biu na jihar Borno da shi. In ka taɓa bin hanyar Biu ka ga baƙaƙen duwatsu da ƙananan tsaunuka masu rami a ka, ko irin na wajen Panyam da Kerang a Filato, ka buɗe taswirar tauraron ɗan'adam ka duba su daga sama, ka ga ko za ka iya ja musu layi.